Zoɓon Turawan Da Na Ba Mahaifina

A lokacin da wannan abu ya faru ina matar aure mai 'ya'ya biyu, muna zaune a unguwar Camberwell a wani flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, da ke hawan ƙasa. Ina aikin girki a kicin ɗin wata makarantar firamare, maigidana kuma yana tuƙa bas. Na kwana biyu a London, amma halina na gida bai bar ni ba. Ni ce irin macen da za a taka wa ƙafa a cikin bas ta riga wanda ya taka ta ba da haƙuri. Tun ina yarinya a Zariya ake yabona da kara da kawaici, gwaggonnina kan ce wa 'ya'yansu su yi koyi da ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, yabon yana yi mini daɗi. Ban taɓa duban babba na ce masa a'a ba, ban taɓa mayar da hannun kyauta baya ba, kuma na ɗauka duk wannan tarbiyya ce tsantsa. Na rubuto muku ne don in sauke abin da ya daɗe yana cina, ko wata mai irin halina za ta karanta ta tsira daga abin da ni ban tsira ba.

Ƙofa da ƙofa muke da wata dattijuwa 'yar asalin Jamaika, wadda ta zo ƙasar nan tun tana budurwa, ta yi aikin ungozoma har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse kowa da garin da yake. Mama nake kiranta, kuma ta ci sunan. Ranar da naƙudar ɗana na biyu ta kama ni maigida yana bakin aiki, ita ta riƙe ni har motar asibiti ta zo. Mace ce mai faɗin abu yadda yake, in miyarka ta yi gishiri a gabanka za ta faɗa, ta kuma cinye abinta tana dariya. Ni na koya mata al'adarmu ta kwano. Na aika mata da waina da miyar taushe, ta dawo mini da kwanona a wanke fes, sai na tsokane ta na ce a garinmu kwanon maƙwabci ba ya komawa gida fanko, ko ƙwai biyu ne sai an jefa a ciki. Abin ya burge ta ƙwarai. Daga ranar ko cokali na ba ta aro sai ya dawo da rakiya.

Kirsimetin farko da muka yi tare ta kawo mini wani baƙin kek mai nauyi a naɗe, da kwalba ɗaya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi hijabina, ta tambaye ni ko babu laifi, domin ta san wasu Musulmi ba sa taɓa giya ko kaɗan, amma ta yi aiki da wasu da kan ɗan kurɓa ranar biki, kuma shi kansa kek ɗin da giya ake jiƙa shi. Nan Allah ya buɗe mini ƙofa, ni kuma na sa hannu na rufe ta. Na ga tsohuwa ta sha wahala ta yi abu don ni, ta tako da ƙafarta, sai na ji ba zan iya ba. Na karɓa hannu bibbiyu, na ce babu komai, na yi ta godiya. Da ta tafi maigida ya kwashe ya kai bola. Washegari ta tambaye ni ya na ji kek, na ce ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Maigida ya ce in je in gaya mata gaskiya tun abin yana ƙarami, na ce shi namiji ne bai san zaman maƙwabtaka ba, sau ɗaya ne fa a shekara. Haka muka yi ta yi, kowace Kirsimeti kek da kwalba su shigo ta ƙofar gaba su fita ta ƙofar baya, ni kuma in ƙara wa ƙaryata gishiri.

Mama tana da ɗan lambu a bayan gida, kuma a nan na fara ganin tsiron da suke kira rhubarb, ni dai rubab nake cewa. Karansa ja ne kamar na yakuwa amma ya fi shi kauri, ganyensa kuma fankama-fankama kamar na gwaza. Da na gutsiri karan na ji tsami, sai zuciyata ta tafi gida, har na fara lissafin faten tsaki da ganyen. Mama ta fizge shi daga hannuna. Ta ce kara kawai ake ci, ganyen guba ne, ya kwantar da mutane a asibiti. Na yi dariya na ce ku dai kun saba zubar da ganye ku ci itace, amma ita ba ta yi dariya ba. Ta maimaita mini, ta sake maimaitawa, kuma duk ranar da za ta ba ni rubab sai ta sare ganyen da wuƙarta a gabana ta jefa a kwandon shara, wai ta san halina, ba ta yarda in shiga da shi kicin ba. Ita ta nuna mini yadda ake dafa shi ya zama ruwan zaƙi mai kauri. A yanka karan gutsi-gutsi, a zuba sukari da ruwa, a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta ba tare da an matse ba, don kada ya yi gurɓi. Ni na ƙara masa citta da kanumfari irin namu. Idan ya huce sai a ɗura a kwalba, duk mai so ya tsiyaya kaɗan ya sirka da ruwan sanyi. Launinsa ja-ja mai haske, kamar zoɓon da aka yi wa rowar ganye.

A wata bazara ce mahaifina ya zo London za a yi masa aikin zuciya a babban asibitin da ke kusa da mu, ya sauka a wurina. Baba tsohon soja ne, ya yi ƙuruciyarsa duk a bariki. Shi da bakinsa yakan ce ba shi da karatu mai zurfi, ba shi da yawan nafila, ya kuma yi zafin rai a zamaninsa wanda yake roƙon Allah ya yafe masa, amma akwai abu ɗaya da zai riƙe a hannu ya je da shi gaban Ubangiji, giya ba ta taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Yana da labarin da duk wanda ya taɓa zama da shi ya ji. Wai wata rana a kasuwar mami, wato kasuwar bariki, abokan aikinsa da suka gaji da wa'azinsa suka danne shi, suka ce yau sai ya ɗanɗana giyar ogogoro ko ya ƙi ko ya so. Ya datse haƙora, suka yi ta tura bakin kwalba har ta ɓalle masa gefen haƙorin gaba, amma ko ɗigo bai shiga ba. In ya zo nan a labarin sai ya ɗaga leɓe ya nuna haƙorin, ya ce wannan ita ce lambar girman da ya fi ji da ita. Yayyena sun sha cewa za su kai shi a gyara masa, yana cewa duk wanda ya taɓa masa haƙori bai yafe ba. Mun ji labarin har mun haddace, muna yi masa dariya a bayan ido, amma a cikin zuciyata ina alfahari da shi.

Ciwon da magungunan sun ɗauke masa sha'awar abinci. Duk abin da na girka sai ya ce bakinsa ɗaci, tuwo ma loma biyu yake yi ya tsame hannu. Ranar da na sirka masa rubab ya sha, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya shanye ya miƙo kofi, ya raɗa masa suna zoɓon Turawa, ya ce ashe su ma sun san abin kirki. Daga nan kullum sai ya sha bayan azahar. Na ji daɗi har na dafa da yawa, na ɗura kwalba ɗaya na kai wa Mama, tunda daga lambunta ya fito, na ba ta labarin yadda tsohona ya samu abin da yake so.

Ba a daɗe ba nawa ya ƙare, sai ga Mama da kwalbata a cike, don kwano ba ya komawa fanko. Ina sauri zan kai yara makaranta, a tsaye muka yi magana. Ta ce ta haɗa shi irin yadda marigayi mijinta yake so, da lemon tsami da gyaɗar ƙamshi, kuma ta sa masa 'yar wuta a ciki, in ba tsoho ya ji ɗumi a ƙirjinsa. Ni da na ji wuta sai na ɗauka citta take nufi, don mu abin da muke kira zafi a abin sha ke nan. Launin bai bambanta da nawa ba. Hancina kuma a toshe yake da murar nan da furen itatuwa ke sa mini duk bazara, ko albasa aka yanka ba na ji. Ga shi ina ramuwar azumi, ban ɗanɗana ba, da na sha ruwa ma ban taɓa ba, na ce ɗan kaɗan ne a bar wa Baba, na kuma gargaɗi yara kada wanda ya kusanci kwalbar kakansu.

Da na dawo aiki na tsiyaya masa, na sirka da ruwa kaɗan, na ɗora a faranti na kai masa ina durƙushe kamar yadda aka koya mini. Yana jin ƙishirwa, ya yi bisimilla ya kurɓa da yawa ya haɗiye. Sai ya tsaya. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya tambaye ni wa ya haɗa wannan. Na san Baba da ƙyanƙyamin abincin waje, na ji tsoron in na ce daga maƙwabta ne zai ƙi sha, kyautar Mama ta tashi a banza, sai na ce ni na haɗa da hannuna. Ya sake tambaya ko mu ma muna shan irinsa a gidan nan. Na ce sosai ma, ni da maigida ba ma rabuwa da shi in ana zafi. Sai ya ce in ajiye zai sha a hankali, Allah ya yi mini albarka. Na tashi na koma kicin ina jin daɗin kaina. Na ji ya shiga banɗaki ya daɗe, famfo yana ta zuba, na ɗauka alwala yake yi.

Daga ranar Baba ya canza. Ya ce in daina wahalar kawo masa, zai riƙa zuba wa kansa in na tafi aiki, kuma kullum na buɗe firiji sai in ga kwalbar ta ragu. In na tambaye shi ya zoɓon Turawa, sai ya ce da daɗi, ba tare da ya dube ni ba. Ya daina bin maigida salla, ya ce ƙafarsa ba ta jure tsayuwa, ya koma yi shi kaɗai a ɗaki, kuma in ya ɗaga hannu yana addu'a sai abinci ya huce bai sauke ba. Ya fara yi mini wasu tambayoyi da ban saba ji daga bakinsa ba, ko ina jin daɗin zaman aurena, su wa nake hulɗa da su, ko ba zan kawo yara gida su yi shekara ɗaya su ga dangi ba. Labarin kasuwar mami kuwa, wanda da ko mai kawo wasiƙa ya tsaya sai ya ji shi, ya ɗauke ɗif. Na ce a raina fargabar aiki ce, tsohon soja ma mutum ne.

Wata Asabar ina shanya a bayan gida Mama ta leƙo ta kan shinge ta tambaye ni ya tsoho ya ji haɗinta. Na ce ai ya kusa shanyewa. Ta yi dariya har da tafi, ta ce ta san za a yi haka, domin ba ƙaramar rum ta zuba ba, wadda ɗan ƙanenta ya kawo mata daga gida ce, ta daɗe tana ɓoyonta sai babban baƙo. Rum giya ce mai ƙarfi da ake yi da rake, ko ni na san wannan. Rigar da ke hannuna ta faɗi. Kun san abin da ya fito daga bakina? Na gode, Mama. Wallahi abin da na ce ke nan, har da murmushi. Na shiga gida na buɗe firiji na ɗaga kwalbar, saura ɗan kaɗan a gindi. Na zauna a ƙasan kicin na toshe bakina da gyale don kada Baba ya ji kukana. Abin da ƙarti suka kasa yi masa da ƙarfi har suka fasa masa haƙori, ni 'yarsa na yi masa shi da ladabi, a kan faranti, ina durƙushe.

Na zubar da sauran, na ce wa Baba rubab ya ƙare a lambu. Ya ce to, kawai. Na yanke shawarar ba zan faɗa masa ba har abada. Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mutum yana shirin shiga ɗakin tiyata da zuciya mai rauni, in na gaya masa abin da ya tsare tun yana saurayi ya zube, ai ni na kashe shi. Na san Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, kowane ɗalibin Islamiyya ya san haka, amma na san Baba, ba hukuncin ne zai dame shi ba. Sai na ci gaba da kai masa tuwo ina kallon ƙasa, shi ma yana karɓa yana kallon ƙasa.

Ana cikin haka ranar ganin nas ta zo, wadda ake yi kafin aiki. Baba yana jin Turancin bariki, amma na mutanen nan yana yi masa sauri, don haka ni ce tafinta. Nas ɗin ta yi ta tambayoyi, ina juyawa yana amsawa, har ta zo kan ko yana shan giya, ko ya sha a 'yan kwanakin nan, ta ce yana da muhimmanci su sani saboda maganin tsinka jini da yake sha. Na juya masa tambayar. Na zaci zai yi abin da ya saba, ya ɗaga leɓe ya nuna haƙori. Sai ya sunkuyar da kai ya ce in faɗa mata abin da na sani. Na dubi matar nan na ce bai taɓa sha ba a rayuwarsa. Muka fito, muka hau bas, muka koma gida.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. Maganar nas ta tsaya mini a rai, domin yanzu ba alfaharin Baba kaɗai na taɓa ba, na ɓoye wa masu shirin tsaga ƙirjinsa abin da suka ce dole su sani. Da na kasa riƙewa na gaya wa maigida. Na shirya jin ai na faɗa miki, amma bai ce ba. Sai ya ce ashe shi ya sa tsoho ya daina bin sa salla, ya yi ta tunanin laifin da ya yi. Ya ce kara ta kawo mu nan, kada in bari kara ta kai mu maƙabarta, in ban faɗa wa Baba ba shi zai yi waya asibiti da kansa.

Ana gobe za a kwantar da shi, bayan la'asar, na same shi zaune a kan darduma kusa da taga. Na durƙusa, na ce Baba na yi maka laifi. Na fara tun daga kek ɗin Kirsimeti, na bi da shi har zuwa shinge. Na ce ba ni na haɗa ba, ƙarya na yi, ban san abin da ke ciki ba, ni da maigida ba mu taɓa sha ba, kuma kwalbar nan da ya shanye giya ce a ciki. Ban iya ɗaga kai ba. Da na daure na duba, sai na ga hawaye yana bin gemunsa, yana ta maimaita alhamdu lillahi. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar.

Ya ce tun kurɓar farko ya gane. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bariki ko bakinsa ya mutu ba zai kasa sanin wannan zafin ba, sai dai kafin ya ankara ya riga ya haɗiye. Ya shiga banɗaki ya yi ta ƙoƙarin amayar da shi bai fito ba. Sauran kuwa ko ɗigo bai sha ba, kullum in na fita sai ya tsiyaye kaɗan a sinki, don ya rage mana abin da za mu sha, kuma don kada in gane ya gane in ji kunya. Ya ce tun da na ce masa ni na haɗa, kuma ba ma rabuwa da shi, bai ƙara tunanin wuƙar likita ba. Abin da yake tunani shi ne zai mutu ya bar 'yarsa da ya fi yarda da ita London ta cinye ta, har ta kai tana miƙa wa ubanta giya ba ta ga komai a ciki ba. Ya yi ta shirya yadda zai yi mini magana, sai ya ga yana gidan surukinsa, yana cin abincinsa, ba zai tozarta mace a ɗakin mijinta ba. A gaban nas ma ya bar mini amsar ne don ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma tona mini asiri a gaban bare ba. Ya share fuska ya ɗan murmusa, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan hali a wurinsa na gado shi. Ya ce ya yafe mini, kurɓa ɗaya ta kuskure Allah ba zai tambaye shi ba, in tashi in kira mijina ya ja mu magariba.

Mun gaya wa asibiti, suka ce kurɓa ɗaya da ta kwana biyu ba za ta hana komai ba. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Kafin nan na ƙwanƙwasa ƙofar Mama na faɗa mata duka, har da inda kek ɗinta yake ƙarewa duk shekara. Ta ce ita ta sare mini ganye da hannunta don kada in cutu, ni kuwa na bar ta tana ɗauke da abin da zai cutar da gidana shekara da shekaru ina ce mata na gode. Ta tambaye ni ko ina ganin ba ta kai matsayin da za a gaya mata gaskiya ba ne. Ta je asibiti da kanta ta ba Baba haƙuri, ya ce in gaya mata ba ta da laifi ko kaɗan, alheri ta nufa. Mun shirya da ita daga baya, kwano yana zuwa yana dawowa, amma har yau in ta kawo abu sai ta tsaya a bakin ƙofa ta lissafa mini duk abin da ta zuba a ciki har gishiri, kuma duk lokacin sai na ji kamar in nutse.

Baba ya koma Zariya ya ƙara wasu shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa. Na ɗauka magana ta wuce, tunda da bakinsa ya ce ya yafe. Sai da na kai yara gida hutu, muna zaune a tsakar gida jikoki sun kewaye shi, wani ya ce Kaka a ba mu labarin haƙori. Na ga ya buɗe baki, ya kai hannu wajen leɓensa, sai ya sauke. Ya ce ya manta yadda labarin yake, su je su yi wasa. Mahaifiyata ta gaya mini tun da ya dawo daga London bai ƙara ba da shi ba ko sau ɗaya, ta ɗauka aikin da aka yi masa ne ya taɓa masa tunani. Ni kaɗai a gidan na san ba mantuwa ba ce. Baba ba ya faɗin abin da ba haka yake ba, kuma ƙarshen labarin nan, inda yake cewa ko ɗigo bai taɓa wucewa ba, ya daina zama gaskiya a hannuna.

Abin da na koya, da tsada na koye shi. Kara abu ne mai kyau, ba na zagin tarbiyyar da aka yi mana, amma a gida tana tafiya ne domin kowa ya san abin da shirun ɗan'uwansa yake nufi. In ka ce wa Bahaushe babu komai, yakan duba fuskarka ya gane da komai. A nan kuwa in ka ce babu komai an ɗauka babu komai ɗin ne, kuma ba laifinsu ba ne. Ko a tsakaninmu ma, ga ni ga mahaifina a ɗaki ɗaya, kowa yana ƙonewa don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, saura kaɗan ya shiga tiyata yana ɗauka 'yarsa mashayiya ce. 'Yan'uwana mata da ke zaune a ƙasashen nan, in maƙwabciya ta miƙo muku abin da ba kwa ci, ku gode mata, ku kuma gaya mata a take, da fara'a, tun tana bakin ƙofa. Kunyar minti ɗaya ce, mai ƙaunarku ba za ta ƙi ku don wannan ba. Kada kuma ku sa wa wani a baki abin da ba ku tambayi yadda aka yi shi ba, kada ku ce ku kuka yi abin da ba ku kuka yi ba. Har yanzu rubab yana fitowa a lambun Mama duk bazara, ni dai ban ƙara dafa shi ba. Akwai hoton Baba a falona yana dariya, haƙorin nan a waje. Yarana sun girma, sun tambaye ni me ya fasa masa shi, kuma ni nake ba su labarin yanzu, har ƙarshensa, da abin da uwarsu ta ƙara a kai.